Yadda ake rayuwa bayan mahaukaciyar guguwa: ruwa a gida, wuta babu

Iska ta lafa, ruwan sama ya tsagaita. Kwanon gidan maƙwabta na rataye a reshen bishiya, titi ya koma kogi, firji ya yi tsit, fanka ta tsaya cak. A daidai wannan lokaci mutum kan sauke ajiyar zuciya ya ce an tsallake, ya zura silifa ya fita ganin ɓarna. To, da yawa daga cikin waɗanda mahaukaciyar guguwa ke ci, a wannan fitar da kwanakin bayanta take cin su.

Dubi tsibirin Fuwato Riko da ke tekun Karibiyan. Guguwar Maria ta afka masa ranar 20 ga Satumba 2017. Da farko hukuma ta ce mutum 64 suka rasu. Da aka bi diddigin mace-macen watannin da suka biyo baya, gwamnatin tsibirin da kanta ta mayar da adadin 2,975. Akasarinsu sun ga wucewar guguwar da idonsu. Rashin wuta, rashin ruwa mai tsabta da asibitin da ya kasa aiki su suka ƙarasa su, don wasu yankunan sai da suka yi kusan wata 11 kafin wuta ta dawo. Saboda haka duk matakan da zan kawo a kan abu ɗaya suke tafiya: kafin ka taka, kafin ka taɓa, kafin ka kunna, kafin ka sha, ka tsaya ka duba.

Da farko, ka tabbata ta wuce

Irin wannan guguwa, wadda gudun iskarta ke kai kilomita 119 a awa ko fiye, juyawa take yi kamar katantanwa, kuma a tsakiyarta akwai wani fili da ake kira ido. In idon ya bi ta kanku iska za ta ɗauke ɗif, har rana ta leƙo. Shirun na iya zama na 'yan mintuna, yana iya kai awa guda. Daga nan iskar ta dawo da ƙarfinta, ta ɓangaren da ba a zata ba. Don haka washewar sama ba izinin fita ba ce. Ka kunna rediyo mai batir ka jira sanarwar hukuma. In an kwashe ku daga unguwa, kada ka koma sai an ce a koma.

Ruwa ma ba ya bin jadawalin iska. Wanda ya zuba a kan tsaunuka yana iya kwana ɗaya ko biyu kafin ya cika koguna, shi ya sa ambaliya kan iso gari bayan sama ta washe. Birnin Asheville na jihar Karolina ta Arewa a Amurka yana cikin duwatsu, ɗaruruwan kilomita daga teku, amma a Satumbar 2024 ruwan guguwar Helene ya yi masa kaca-kaca. Nisa da gaɓa ba kariya ba ce.

In ruwan yana ƙaruwa kana cikin gida

In ƙasan da ke gaban akwatin wuta busasshe ne, hannunka ma busasshe, kashe babban makunnin gidan. In ruwa ya riga ya isa wurin, bar shi. Ka kwashi mutane, magunguna, takardu cikin leda, tocila da ruwan sha ku hau bene.

Akwai wani tarko a nan. Gidaje da yawa suna da sarari tsakanin silin da rufi, kuma in ruwa ya matsa can hankali yake fara zuwa. A 2005, da ganuwar tare ruwa ta fashe a birnin New Orleans na Amurka lokacin guguwar Katrina, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, kuma an tarar da gawarwakin mutane a irin wannan sarari: sun hau, ruwa ya biyo su, babu ƙofar fita. Kada ka shiga wurin da ba shi da mafita ta sama. In ta kai ga haka, kan rufin za ka hau, inda masu ceto za su gan ka, ka riƙe farin ƙyalle da rana, tocila da dare.

Tafiya cikin ruwa

Ido ba ya auna ruwan ambaliya. Launinsa na laka ne, ba ka ganin ƙasa, ba ka sanin ko murfin magudana ya tashi ya bar rami, ko kwalbati ta karye, ko kwalta ta zaizaye daga ƙasa. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana kayar da babban mutum. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota. Santimita 60 na tafiya da manyan motoci, har waɗanda masu su ke alfahari da tsayinsu. Binciken cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami ya nuna cewa cikin waɗanda irin wannan guguwa ta kashe kai tsaye a ƙasar daga 1963 zuwa 2012, kusan 9 cikin 10 ruwa ne ya ci su.

In ka iske ruwa ya rufe hanya, juya. Kada ka ce ai wancan ya wuce. In motarka ta mutu a ciki ruwa na hawa, cire bel, sauke gilashi tun kafin wutar motar ta ɗauke, fitar da yara ta taga, ku hau kan motar. Ƙofa ba ta buɗuwa in ruwa ya danne ta.

In kuwa tafiyar ƙafa ta zama dole, ka sa takalmin roba mai tsawo, ka riƙe sanda kana zungurar gabanka kafin kowane taku. Abin da ke cikin ruwan ya fi ƙarfin laka: bahaya daga magudanan da suka cika, fetur, maganin ƙwari, ƙusoshi, fasassun gilasai, macizan da ruwa ya kora daga ramukansu. A Teksas lokacin guguwar Harvey ta 2017, wadda ta zubar da ruwan sama fiye da santimita 150 a wasu wurare, an riƙa ganin jajayen tururuwa masu harbi sun dunƙule suna yawo a kan ruwa kamar tabarma. Yara kuwa ruwa wasa ne a wurinsu, sai an tsare su da gaske.

Duk wayar wuta da ka gani a ƙasa, ɗauke ta a matsayin mai rai, ko da unguwar duka a duhu take. Ka ba ta tazarar aƙalla mita 10, ita da duk abin da take taɓawa: shingen ƙarfe, reshe, kududdufi. In ta faɗo kan motarka, zauna ciki ka kira agaji. Sai in motar ta kama wuta za ka fita, shi ma tsalle za ka yi ƙafa biyu a haɗe ba tare da ka taɓa mota da ƙasa lokaci guda ba, sannan ka ja ƙafafu a hankali ba ka ɗaga su, har ka yi nisa.

Shiga gidan da ruwa ya janye

Da rana ake wannan aikin. Zagaya gidan ta waje tukuna: bango ya tsage? Rufi ya lotsa? Ƙasan gindin gini ta zaizaye? In ƙofa ta cije ta sama, kada ka banka ta da kafaɗa, wataƙila silin ne ya sauko ya danne ta. Silin da ya yi ciki kamar tulu ruwa ne tare a kansa, kada ka tsaya ƙarƙashinsa.

Sai hanci. In ka ji warin gas ko ka ji tsaki kamar iska na fita daga bututu, fita nan take, bar ƙofa a buɗe, kada ka kunna ko ka kashe komai, ko makunnin fitila, kada ka ƙyasta ashana. Daga nesa za ka yi waya.

Soket ɗin da ruwa ya shiga, da akwatin wuta, da duk na'urar da ta nutse, ba a mayar musu da wuta sai mai gyaran lantarki ya duba. Bushewar waje ba ta nufin ciki ya bushe, ruwan teku kuma gishirinsa na ci gaba da cin waya bayan ya janye. In gidan na da ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ya cika, kada a zuƙe shi rana ɗaya. Ƙasar da ke kewaye ta sha ruwa tana turo bango, ruwan cikin ne ke tokare ta. A rage kamar kashi ɗaya cikin uku a kullum.

Kafin ka ɗaga ko tsinke, ɗauki hoto. Kowane ɗaki, kowane kaya, da layin lakar da ruwa ya zana a bango, ka ɗora awo a jikinsa a ga tsayinsa. Masu inshora da hukumomin agaji hoto suke nema, labari ba ya isar su. A Amurka, alal misali, inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai wanda ya yanki ta ambaliya daban, kuma mutane da dama ranar da suka je karɓa suke jin haka.

Janareta

Nan zan daɗe, don nan ne mutanen da suka tsira daga iska da ruwa suke mutuwa a kan gadonsu.

Hayaƙin janareta na ɗauke da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da kake ji na mai ne, ita kanta ba ka jin ta. In ta shiga huhu takan kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da wani abu, sai jini ya riƙa zagaya jiki ba ya kai komai. Ƙaramin janareta ɗaya na iya fitar da abin da ɗaruruwan motoci ke fitarwa. Alamun farko ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, kasala. Wanda ya yi kwana biyu yana kwasar laka cikin zafi zai ce gajiya ce, ya kwanta. Mai barci kuwa ko alamar ba ya ji.

Bayan guguwar Laura a Agustan 2020, an rasa mutum biyar 'yan gida ɗaya a Lake Charles na jihar Luwiziyana. Janaretan yana cikin garejin da ke manne da gidan. Hujjar masu yin haka kullum ɗaya ce, kuma ba ta wauta ba ce: ruwa zai jiƙa shi, ko ɓarawo ya ɗauke. Amma ga doka, ba ta da sassauci. Janareta a waje yake zama, a fili, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa, taga ko kafar iska, salansa na kallon nesa da gida, naka da na maƙwabci. Gareji ba waje ba ne ko an wangale ƙofarsa. Baranda ba waje ba ce. Ƙarƙashin matakala ba waje ba ne. Buɗe taga da kunna fanka ba sa korar wannan iska yadda za ta daina kisa. Don ruwan sama, yi masa rumfa mai buɗaɗɗen gefe, ka ɗora shi a busasshen wuri mai tudu. Don ɓarawo, sarƙa da kwaɗo. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara in ta ji wannan iska. A rataya ta kusa da ɗakunan kwana. A ganina duk wanda ya iya sayen janareta bai da uzurin rashin ta.

In mutum biyu ko uku a gida suka kama ciwon kai lokaci guda, kada a tsaya neman dalili. A fitar da kowa waje, a kashe inji, a nemi asibiti, ko da sun ce sun ji sauƙi da suka sha iska.

Wannan doka ta shafi gawayi, murhun gashi, da risho ko murhun gas na zango. Duk abin da ke ci da wuta, a waje. Motar da aka tayar don cajin waya ita ma a fitar da ita daga gareji.

Abu na biyu: kada ka taɓa cusa wayar janareta cikin soket ɗin bango don gidan duka ya samu wuta. Wutar takan bi waya ta koma titi, taransifoma ta ninka ƙarfinta, ta iske ma'aikacin da ya hau turke yana gyara da tabbacin layin a mace yake. Ko dai ka jona kayan kai tsaye da janareta ta waya mai kauri wadda aka yi don waje, ko mai gyara ya sa maka makunnin canji da ke raba gidanka da layin gari. Na uku, ba a zuba mai inji na aiki ko yana da zafi. Kashe shi, ba shi kamar minti 20 ya huce. Kuma tunda mai kan yi wuya bayan guguwa, saboda gidajen mai su ma da wuta suke aiki, ba sai ya kwana yana ruri ba: 'yan awowi don firji da caji, a kashe, a sake.

Ruwan sha

Abin mamaki, ga ruwa har wuya ga ƙishirwa. Ruwan famfo bayan ambaliya abin zargi ne har sai hukuma ta wanke shi, rijiyar da ambaliya ta rufe kuwa ba a sha sai an tsabtace ta an gwada. A Asheville sai da aka yi fiye da mako bakwai kafin a ce wa mutane su sha na famfo. A Beira ta Mozambik, bayan guguwar Idai ta Maris 2019, kwalara ta ɓarke ta kama dubban mutane.

Lissafin shi ne kusan lita 4 ga kowane mutum a rana, na sha da ɗan tsabta. Mai shayarwa, mara lafiya da mai aikin ƙarfi cikin zafi sun fi haka. In na roba ya ƙare, tafasawa ta fi komai. In ruwan da laka, bar shi ya kwanta, tace da ƙyalle mai tsabta, sannan ka dafa. Ba ɗumi ake nufi ba: ya tafasa yana ɓulɓula, minti ɗaya cur, ko minti uku a wuraren da ke kan tsaunuka masu tsayi sosai.

In babu abin dafawa, sai bilic na wanki, wanda ba a sa masa ƙamshi ko sabulu ba, mai ƙarfin kashi 5 zuwa 9 cikin 100. Ɗigo 2 a lita ɗaya. Jarka mai lita 20 rabin ƙaramin cokali. Ka girgiza, ka jira minti 30. Ya kamata ka ji ɗan warin bilic kaɗan. In ba ka ji ba, maimaita ka sake jira. In ruwan bai washe ba, ninka ɗigon. Amma tafasawa da bilic ƙwayoyin cuta kawai suke kashewa. Ruwan da ke warin fetur ko yake ƙyalli kamar an zuba mai, babu dabarar da za ta gyara shi a gida.

Akwai ruwan da mutane ke mantawa da shi: na cikin tankin dafa ruwan wanka, in ambaliya ba ta taɓa shi ba, da ƙanƙarar firiza in ta narke. Da ruwan da ka tsabtace za ka goge baki, ka wanke kwano, ka haɗa madarar jariri. In gudawa ta kama wani, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan yayin da ake neman likita.

Firji da abin da ke ciki

Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4. Firiza cikakkiya awa 48, rabi awa 24. Kowace buɗewa tana cin wannan lokaci, kuma hannu da kansa yake zuwa ƙofar firji ko ba a aike shi ba, shi ya sa ya fi kyau a manna mata salatif. A fara cin abin da zai lalace da wuri, na gwangwani a bar shi ƙarshe.

Nama, kifi, ƙwai, madara da ragowar dafaffen abinci, in sun yi fiye da awa 2 a zafin da ya haura digiri 4, a zubar. Abin da ke firiza in har akwai sauran ƙanƙara a jikinsa ana iya dafawa ko a mayar. Kada ka ɗanɗana don gwaji, ƙwayoyin da ke kwantar da mutum ba lallai su canza wari ko ɗanɗano ba. Akwai zafi a zubar da abinci lokacin da shaguna ke rufe, na sani, amma amai da gudawa a ranar da hanyar asibiti ke ƙarƙashin ruwa ya fi zafi.

Wata 'yar dabara ga mai barin gida: daskarar da ruwa a kofi, ɗora tsabar kuɗi a kan ƙanƙarar, bar shi a firiza. In ka dawo ka tarar da tsabar a gindin kofi, komai ya narke ya sake daskarewa, ko da yanzu ya yi tauri kamar dutse.

Abincin da ruwan ambaliya ya taɓa ya tafi, har na cikin kwalba mai murfin murɗawa, da na kwali, da na leda. Gwangwanin ƙarfe da bai lotsa ko ya kumbura ba shi kaɗai ke tsira: cire takardar jikinsa, wanke da sabulu, jiƙa shi minti 15 a ruwa lita 4 da aka sa wa babban cokali ɗaya na bilic, rubuta sunan abin da ke ciki. Cokalin katako, allon yanka da kan bulumbotin jariri a yar.

Marasa lafiya, zafi da duhu

Mai wankin ƙoda, mai amfani da na'urar oksijin, mai maganin da ke son sanyi, waɗannan ba sa jiran wuta ta dawo. Ranar farko ake nema musu mafita, asibiti ko matsugunin da ke da wuta. Allurar insulin tana iya yin har kwana 28 ba firji in zafin wurin yana tsakanin digiri 15 da 30. A kare ta daga rana, kada kuma a ɗora ta kai tsaye kan ƙanƙara ta daskare.

Lokacin guguwa lokacin zafi ne. Da guguwar Beryl ta bi ta birnin Houston na Teksas a Yulin 2024, gidaje da wuraren kasuwanci fiye da miliyan 2 suka rasa wuta, kuma zafi ya kashe mutane a kwanakin da suka biyo baya. Tsofaffi da jarirai ne kan gaba. A jiƙa ƙyalle a shafa musu, a zauna a ɗakin ƙasa mai inuwa, a yi aikin ƙarfi da sassafe. Wanda ya rikice, jikinsa ya yi zafi rau, maganarsa ta sarƙe, a kwarara masa ruwa a kira agaji. Ka ƙwanƙwasa ƙofar tsohon da ke zaune shi kaɗai a layinku, safe da yamma, kada ka jira ya kira.

Haske kuwa tocila, ba kyandir ba. Gobara a lokacin da famfo ba ruwa kuma motar kashe gobara ba ta da hanya, an gudu ba a tsira ba ke nan. Tocilar da aka haska a jikin farar jarka mai ruwa tana haska ɗaki duka. Waya a rage mata haske, a kashe intanet, a riƙa aika saƙon tes, don yana ratsawa lokacin da kira ya ƙi shiga. Ku zaɓi ɗan'uwa ɗaya da ke nesa ku riƙa ba shi labari, shi ya sanar da sauran. A mahaɗar da danja ta mutu, kowa ya tsaya cak kafin ya wuce.

In magudanar bahaya ta toshe, kada a kora ruwa a masai, zai dawo ta wani wuri. Bokiti, leda biyu a ciki, a riƙa barbaɗa ƙasa ko dusar katako, a ɗaure, a ajiye nesa da ruwa da abinci. Wanke hannu da sabulu ya zama kamar ibada.

Kwasar laka

Funfuna na fara tsiro cikin awa 24 zuwa 48, don haka da zarar gidan ya tabbata lafiya a buɗe ƙofofi da tagogi. Sa takalmin roba, safar hannu, tabarau da takunkumi mai lamba N95. Kwashe lakar tun tana ɗanya, in ta bushe sai da diga. Katifa, kafet, kushin, filo, duk abin da ke tsotsar ruwa kuma ba ya wankuwa, waje. Bangon allo na jibsam a yanke shi kamar santimita 30 sama da layin ruwa a cire audugar ciki, don ruwa na hawa ta cikinsa fiye da inda ido ke gani. Kada a yi saurin fenti a kan bango mai danshi.

Daɓe, tayil da ƙarfe a wanke da sabulu, sannan a bi da kofi ɗaya na bilic a ruwa lita 19. Inda funfuna ta riga ta kama, kofi ɗaya a lita 4. Ba a haɗa bilic da wani maganin wanki, musamman mai amoniya, hayaƙinsu na ƙona huhu. Mai asma da yara su yi nesa da wannan aiki.

Ko ƙwarzane ne a wanke shi da sabulu a rufe. Fitsarin ɓera a ruwan ambaliya na sa wani zazzaɓi mai kama ƙoda da hanta, an gan shi a Fuwato Riko bayan Maria. Ruwan teku mai ɗumi kuma na da wata ƙwayar cuta mai cin nama, wadda ta kashe mutane a Filorida bayan guguwar Ian ta 2022. Ciwon da ya yi ja, ya kumbura, yana yaɗuwa cikin awowi, ko zazzaɓi bayan shiga ruwa, na likita ne yau ba gobe ba, kuma ka faɗa masa ka shiga ambaliya. Wanda ƙusa ta soka a duba allurarsa ta tetanus. A kifar da duk mazubin da ya tara ruwa kafin sauro ya ƙyanƙyashe.

Zarto mai inji da tsani su ma suna da nasu rabon a asibiti bayan kowace guguwa. Reshen da ya lanƙwashe a ƙarƙashin nauyi tsalle yake yi in an yanke shi. In ba sana'arka ba ce, bar wa masu ita. Sai dai a kula da masu zuwa ƙofa da alkawarin gyaran rufi gobe-gobe in an ba su kuɗi duka yau. A rubuta yarjejeniya, a biya kaɗan-kaɗan yadda aiki ke tafiya.

Motar da ta nutse kada a yi mata ki, ruwan da ya shiga inji zai karya shi. Mota ko keke mai batirin lantarki da ruwan gishiri ya taɓa na iya kamawa da wuta kwanaki bayan haka, kamar yadda aka gani bayan Ian. A janye su kamar mita 15 daga gini, kada a sa su caji.

Ranar da wuta ta dawo

Tun lokacin da aka ɗauke ya kamata ka zare kayan wuta daga soket, ka bar fitila ɗaya a kunne ta zama ɗan aike. In ta kama, kada ka ruga. Ba wutar 'yan mintuna ta daidaita, don takan zo da ƙarfi ta koma. Sannan ka mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, firji a gaba. Ka duba murhun lantarki da dutsen guga, ko an bar su a kunne ranar da aka ɗauke. In ka ji ƙauri ko ka ga tartsatsi, kashe babban makunni ka kira mai gyara.

Janareta a juye masa mai ko a ƙone ragowar kafin a ajiye, a canza masa baƙin mai. Sannan, tun gajiya ba ta sa ka manta ba, wanke jarkoki ka sake cika su, sayi batir, mayar da magungunan da aka shanye, rubuta abin da ka nema ka rasa a kwanakin nan. A tekun Atilantika lokacin guguwa daga 1 ga Yuni yake zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen Lake Charles suna kan kwasar ɓarnar Laura, rufin gidajensu lulluɓe da shuɗin tamfol, guguwar Delta ta iso yankin ranar 9 ga Oktoba 2020, mako shida kacal a tsakani.